Sun Sha Daɗin Muryarta, Sun Ɓatar da Takardunta

A daren 22 ga Yuli, 1782, fadawa da 'ya'yan sarautar Weimar ta ƙasar Jamus suka fita bayan gari, zuwa wani lambu da ake kira Tiefurt a bakin kogin Ilm, don kallon wasan kwaikwayo a fili, ba rufi ba labule. Wasan na masunta ne, sunansa Die Fischerin, wato masunciya. Da aka fara, mace guda ce zaune a bakin ruwa cikin kayan su, tana jiran mahaifinta da saurayinta da suka tafi kamun kifi har dare ya yi ba su dawo ba. Don ta rage wa kanta zaman jira, sai ta ɗauko wata waƙa tana rerawa a hankali. Waƙar labarin wani uba ce da ya ɗauko ɗansa a kan doki cikin dare da iska. Yaron yana ta cewa ga sarkin aljanu nan yana kiransa, uban yana lallashinsa, yana cewa hazo ne, motsin busassun ganyaye ne, tsofaffin itatuwa ne. Ko da suka isa gida, yaron ya riga ya cika a hannunsa.

Goethe, shahararren marubucin Jamus, shi ne ya rubuta baitocin, kuma ba wanda ya taɓa mantawa da haka. Amma karin da aka ɗora su a kai a wannan dare, da duk kiɗan wasan, aikin matar nan ce da ke zaune a bakin ruwa. Ita ta tsara, ita ta rera, ita ta fito a matsayin Dortchen masunciya. Sunanta Corona Schröter. Ita ce mutum na farko a duniya da ya sa wa wannan waƙa ta sarkin aljanu, mai suna Erlkönig, murya.

Yau in ka rubuta sunan wannan waƙa a intanet, Franz Schubert, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Austria, za a fara kawo maka, wanda ya yi wa waƙar nasa karin a 1815, shekara 33 bayan daren Tiefurt. Sai ka yi ta gangarawa ƙasa kafin ka ci karo da sunan Corona, shi ma sau da yawa a layi ɗaya, a matsayin "wadda ta fara gwadawa". Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da nake gani shi ne: mantawa da aka yi da matar nan ba ƙaddarar da ta faɗo daga sama ba ce. Mutanen da suka fi kowa cin moriyarta su ne suka yi sakaci da amanarta, mu kuma da muka zo daga baya muna auna ta da mudun da ba nata ba.

An haife ta ranar 14 ga Janairu, 1751 a garin Guben, wanda yau kogi ya raba shi biyu tsakanin Jamus da Folan. Mahaifinta, Johann Friedrich Schröter, mabushi ne, yana busa obo, wata irin algaita ta Turawa. Gidansu gidan kiɗa ne kaf, 'ya'ya huɗu duk sana'ar suka gada. Sun zauna a Warsaw, daga baya suka koma Leipzig, inda Corona ta shiga hannun Johann Adam Hiller, babban malamin waƙa na garin. Tana 'yar shekara 14 ta fara fitowa a babban taron kiɗa na Leipzig, a 1765. Masu tarihinta suna cewa tun tana ƙarama aka matsa wa muryarta da horo fiye da ƙima, har ta samu rauni tun kafin ta nuna. Irin abin nan ne na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma har gobe ana yi wa yara masu baiwa haka a ko'ina. A dandamali ɗaya da ita akwai Gertrud Elisabeth Schmeling, wadda daga baya duniya ta sani da Madam Mara, mai murya kamar ƙararrawa, wadda ta wuce fadar Sarki Frederick a Berlin. Mutanen Leipzig sun rabu biyu a kansu. Ita Corona ba ta da ƙarfin muryar Mara, abin da ta fi ta shi ne iya isar da ma'anar kalma, da kwarjini a gaban jama'a. Cikin samarin da ke zuwa kallonta a lokacin akwai wani ɗalibin shari'a daga Frankfurt, shi ne Goethe.

Shekara goma bayan nan Goethe ya zama na hannun daman saurayin sarkin Weimar, Carl August. Weimar ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce 6,000 da 'yan kai ba, kuma gobarar 1774 ta cinye fada har da ɗakin wasannin da ke ciki, 'yan wasan haya suka watse. Sai fadawa suka koma yin wasa da kansu. Abin da suka rasa shi ne ƙwararriya guda da za ta riƙe dandamali. A 1776 Goethe ya je Leipzig ya ɗauko Corona, aka naɗa ta mawaƙiyar fada a ƙarƙashin mai babban ɗaki, Anna Amalia. Ranar 6 ga Afrilu, 1779, da aka fara nuna wasan Iphigenie auf Tauris, ita ce Iphigenie, Goethe kuma ya fito a matsayin ɗan'uwanta Orest. Akwai zanen da Georg Melchior Kraus ya yi musu su biyu, tana sanye da farin tufa irin na Girkawan dā. Wannan zane ya shiga littattafai ba iyaka, amma a mafi yawansu don Goethe aka sa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihinta bai faru a dandamali ba. A 1785 ta yanke shawarar buga waƙoƙinta, sai ta fitar da sanarwa a mujallar kiɗa ta Carl Friedrich Cramer don neman masu saye. Maimakon ta tallata hajarta kamar kowane mai sana'a, sai ta buɗe da ba da haƙuri. Ta ce ta daɗe tana kai-kawo a zuci kafin ta yarda ta fito da su, domin an ɗora wa mata wata irin kunya da kamun kai da ba sa barin mace ta bayyana a bainar jama'a ita kaɗai ba ɗan rakiya. A tsaya a dubi wadda ke wannan magana. Mace ce mai shekara 34, wadda ta yi shekara 20 tana tsayawa gaban ɗaruruwan mutane tana waƙa, sarakuna suna tafa mata. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ce ta yi rashin kunya, domin kalmomin wani take rerawa da karin wani. Ranar da za ta ce "wannan nawa ne, ga sunana a bangon littafi", ranar ce kunya ta taso. Ashe jama'ar ba su damu da a ga fuskarta ko a ji muryarta ba, mallakar aikin ce ta tsone musu ido.

Ga ƙaninta nan, Johann Samuel Schröter, ciki ɗaya, malami ɗaya. Ya zauna a Landan, ya buga kaɗe-kaɗensa na piyano, Mozart ya yaba musu a wasiƙa ga mahaifinsa har ya rubuta musu ƙari da hannunsa, kuma da Johann Christian Bach ya rasu a 1782, shi aka ba koyar da Sarauniya Charlotte ta Ingila kiɗa. Shi ma ya ɗanɗana rainin da ake yi wa makaɗa, don dangin matarsa Rebecca sun ƙi auren saboda sana'arsa. Amma bai taɓa bukatar neman gafara don ya sa sunansa a kan aikinsa ba. Kuma wannan hali bai mutu da ƙarnin ba. Bayan shekaru masu yawa, wasu waƙoƙin Fanny Mendelssohn da sunan ƙaninta Felix aka buga su, har a 1842 Sarauniya Victoria ta zaɓi ɗaya ta rera a gabansa, dole ya faɗa mata gaskiya cewa ta yayarsa ce.

Duk da haka Corona ta buga. A 1786 littafinta mai waƙoƙi 25 ya fito, da yawa daga cikin baitocin ta ɗauko su ne daga tarin waƙoƙin gargajiya da Johann Gottfried Herder ya tattara, kuma Erlkönig na ciki. A 1794 ta ƙara da na biyu mai waƙoƙi 16. Mata ƙalilan ne a Jamus ta wancan zamani suka kai ga haka.

Yanzu ga maganar da na san masana kiɗa za su tare ni da ita. Za su ce, malam, ka saurari biyun mana. Na Schubert, tun daga bugun farko piyano ke sukuwa kamar kofaton doki, mawaƙi ɗaya yana sauya murya huɗu, ta mai ba da labari, ta uba, ta ɗa, ta aljani, kukan yaron yana ƙara hawa sama duk lokacin da ya kira babansa, sannan a ƙarshe komai ya yi tsit. Na Corona kuwa ɗan gajeren kari ne guda, ana maimaita shi a baitoci takwas ɗin duka, da karin da aljani ya yi kiran yaron da shi ake sanar da mutuwarsa. Za su ce ai tazarar a fili take, tarihi bai zalunci kowa ba, ya zaɓi wanda ya fi ne.

Na saurari biyun, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma ba zan yi musu a kan girman aikin Schubert ba. Yaro ɗan shekara 18 ya yi abin da har yau yake tayar da tsigar jiki. Amma su biyun ba aiki ɗaya aka ba su ba. Schubert ya ɗauki waƙar daga littafi, ya mai da ita wasan kwaikwayo mai zaman kansa, ya sa mai sauraro a kan dokin. Corona kuwa an ba ta wata masunciya ce da ke zaune tana aiki, tana rera tsohuwar waƙar da ta haddace tun tana yarinya. Mace mai gyaran koma ba ta kwarma ihu tana kwaikwayon aljani. Tana yi ne ƙasa-ƙasa, hankalinta rabi a kan waƙar rabi a kan ruwan da bai dawo mata da mutanenta ba. Kuma waƙar tana share fagen abin da ke tafe, domin jim kaɗan Dortchen za ta ɓuya ta bar hularta a bakin kogi don a zaci ruwa ya ci ta, maƙwabta su bazu da wutar jiniya a gaɓar Ilm suna nemanta cikin duhu. Da Corona ta yi irin na Schubert a wannan wuri, da ta ɓata wasan. Sauƙin da ake raina mata zaɓi ne na wadda ta san dandamali ciki da bai.

Shi kansa mai baitocin irin wannan yake so. Goethe ya fi son a ɗora waƙarsa a kan kari guda, a bar mawaƙi ya fito da bambancin baiti da baiti ta hanyar lafazi, shi ya sa ya riƙe masu tsara kiɗa irin su Reichardt da Zelter. A 1816 abokan Schubert suka aika masa da kundin waƙoƙi har da Erlkönig a ciki, aka mayar musu ba ko kalma ɗaya. Sai a 1830, da mawaƙiya Wilhelmine Schröder-Devrient ta rera masa ita a gabansa, sannan ya sauko ya yaba. Ban kawo wannan don in ce Goethe ya yi daidai ba, a ganina ya yi kuskure babba a kan Schubert. Na kawo ne don a san cewa a zamanin Corona, abin da ta yi shi ne abin da gwanayen fannin ke ɗauka a matsayin ƙwarewa.

Akwai ranar da na gane haka sosai. Ina zaune a tsakar gida da yamma ina jin na Corona a waya, goggona tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Jamusanci. Da aka zagayo baiti na uku sai na ji ta kama karin tana yi a hanci, hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai reno take yi." Na ce, "Goggo, labarin yaro ne da aljani ya ɗauke." Na fassara mata baiti-baiti. Da na zo ƙarshe ta ajiye faifan ta ce, "Innalillahi, ashe da gawa ya isa gida." Sai ta ce in sake sa mata. A karo na biyu ba ta bi ba, shiru ta yi har aka gama. Karin bai sauya ba ko kaɗan, amma yanzu da ta san abin da ke ciki, wannan natsuwar tasa ita ce abin tsoron. Kunnen da ya tashi da waƙar daka da ta niƙa da ta reno ya san wannan hikima, kari ɗaya yana ɗaukar daɗi da baƙin ciki duka, kalma ce ke juya shi. Na sa mata na Schubert daga baya, ta ce wannan kam mai kiɗan ya iya, amma ba za a iya yin aiki ana yin sa ba. Maganarta gaskiya ce, kuma ita ce amsar da zan ba masanan.

Wani zai ƙara da cewa, to ko an yarda da wannan, Schubert ya bar waƙoƙi sama da 600, ita kuma 41 ne a buge, ina haɗi? A nan ne nake ganin an fi yi mata rashin adalci, domin ana yanke mata hukunci da abin da ya tsira, ba a tambayar ina sauran. Ta yi wa baitocin marubuci Friedrich Schiller kari, sun ɓata. Wasu kaɗe-kaɗen da ta yi wa dandamali sun ɓata. Ta rubuta tarihin rayuwarta da hannunta ta miƙa wa Goethe, shi ma ya ɓata. Wannan fa a Weimar ne, garin da aka adana wasiƙun Goethe dubbai, da littattafan ajiyar kuɗin gidansa, da duwatsun da ya tsinto a tafiye-tafiye. Garin da ya iya ajiya irin wannan ba zai ce ajiya ce ta gagare shi ba. An zaɓi abin da za a ajiye ne, takardun mawaƙiyar fada ba su shiga lissafi ba.

Abin da ya rage a bakin mutane game da ita kuwa, yawanci gulma ce. Wa ya so ta, wa ta ƙi. Ana ta nanata maganar da aka jingina wa Carl August, wanda ya neme ta bai samu ba, cewa kyakkyawa ce kamar dutsen marmara kuma sanyinta kamar nasa. Ana nanata kishin da Charlotte von Stein, aminiyar Goethe, ta yi da ita. Ba ta taɓa aure ba, ta yi zamanta da aminiyarta Wilhelmine Probst shekara da shekaru. Matar da ke cin abinci a hannun fada, ta iya ce wa sarkin garin a'a, ta kuma ci gaba da zama da mutuncinta, ni a wurina jaruma ce. Amma sai aka ɗauki haushin wanda aka ƙi aka mai da shi bayanin halinta, ana ta gadonsa daga littafi zuwa littafi.

Zan yi wa Goethe adalci. Shi ya kawo ta, shi ya ba ta manyan matsayi a wasanninsa, kuma a 1782, cikin waƙar makokin da ya yi wa Mieding, kafintan da ke haɗa musu dandamali, ya keɓe mata baitoci na yabo masu kyau ƙwarai. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Weimar ba ta yi ba. A 1784 aka ɗauko ƙungiyar 'yan wasan haya ta Joseph Bellomo, wasan fadawa ya mutu, bukatar Corona ta ragu. Ta koma koyar da waƙa da wasa, tana zane a gefe, don tun a Leipzig ta koyi zane. Cikin ɗalibanta akwai Christiane Neumann, yarinyar da ta zama tauraruwar dandamalin Weimar, ta rasu a 1797 tana da shekara 18. Goethe ya yi mata doguwar waƙar makoki mai suna Euphrosyne, wadda har yau ake karantawa. Malamar da ta rene ta kuwa tana nan cikin gari, ciwon huhu yana cin ta a hankali, ƙafafun masu zuwa gaisuwa suna raguwa. A 1801 ta koma Ilmenau, wani ƙaramin gari a cikin duwatsu, ko iskar can za ta yi mata magani. A can ta rasu ranar 23 ga Agusta, 1802, tana da shekara 51.

Goethe ya ambaci rasuwarta a littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru shekara-shekara. Ya ce Corona Schröter ta rasu, kuma da yake a lokacin bai ji yana cikin halin da zai yi mata abin tunawa da ta cancanta ba, ya ji daɗi da ya tuna cewa tun shekaru da yawa baya ya riga ya yi mata wanda ba zai iya yin wanda ya fi shi ba. Yana nufin baitocin nan na cikin makokin kafinta, na shekara 20 da suka wuce. Duk lokacin da na karanta wannan sai zuciyata ta yi nauyi. Ya san ta cancanta, da bakinsa ya faɗa, amma ya ga tsohon yabo ya wadatar.

Ba roƙo nake a ɗaga ta sama da inda take don tausayi ko don kasancewarta mace ba, tausayi irin wannan shi ma raini ne. Abin da nake nema kaɗan ne kuma haƙƙinta ne. Mai koyar da tarihin waƙar Jamus ya fara Erlkönig daga inda ta fara, daga bakin kogin Ilm, ya bayyana wa ɗalibai aikin da aka ba ta kafin ya sa musu Schubert. Mawaƙan da ke rera ta Schubert da ta Carl Loewe, wanda shi ma ya yi wa waƙar kari, a taro su riƙa sa tata a gaba, ba ta cin minti uku. Masu rubutu a kanta su rage lissafin samarinta su buɗe littattafanta biyu. Mu ma da ke tura wa juna muryoyin mata mawaƙa a waya, sau da yawa ba suna ba asali, ya kamata mu riƙa tambayar wace ce ta yi, mu rubuta sunan kafin mu tura gaba.

A bayan garin Ilmenau akwai wani tsauni mai suna Kickelhahn. A watan Satumba na 1780 Goethe ya kwana a wata bukkar katako ta mafarauta a samansa, ya ɗauki fensir ya rubuta 'yan ɗangwaye takwas a jikin bango. A watan Agusta na 1831, yana tsoho mai shekara 82 saura kwana ɗaya, ya sake hawa, ya tarar da rubutunsa yana nan bayan shekara 51, ya karanta ya yi hawaye. An ɗauki hoton rubutun kafin bukkar ta ƙone a 1870, kuma bayan 'yan shekaru aka sake gina ta kamar yadda take, masu yawon buɗe ido suna hawa har yau don su gani. Kabarin Corona Schröter yana ƙasan wannan tsauni, a maƙabartar garin. Tarihin rayuwarta da ta rubuta ta damƙa a hannunsa, har yanzu ba a gan shi ba.